Matsin da Gwaggo Ta Haɗa Mini

Assalamu alaikum 'yan uwana na wannan shafi. Tun kafin faɗuwar damina ba ku ji ɗuriyata ba. Wasu sun tambaya ko na daina karatu ne, wasu suka ce ƙila laulayi ne. Ba ko ɗaya. Jinya na yi, sai yau na ji zan iya ba da labari.

Kun san ni da littafi. Ko tuwo nake tuƙawa, waya tana jingine a gefen murhu.

Maigidana direba ne, yana kai shanu da riɗi kudu daga kasuwannin Gwaram. Duk ranar da ya kira ya ce ya kamo hanya, sai in ɗauko ƙullin matsi, garin saiwoyi da sassaƙe da mace take cusawa a gabanta don miji. Gwaggo Hanne, ƙanwar babana da ke Fagam, ita ta haɗa mini tun gyaran aure, in ya ƙare ta aiko wani. Duk matar auren da na sani tana yi. A littattafaina ma haka taurarin suke yi.

Da raɗaɗi ya fara, kamar an barbaɗa barkono. Na kira Gwaggo, ta yi dariya ta ce ai alamar yana aiki ke nan.

Sai ƙuraje suka fito suka fashe. Sai wani ruwa mai wari. Sai zazzaɓin da ba ya jin magani, da ciwon mara da ya hana ni miƙewa. Inna ce ta zo ta same ni a durƙushe a bakin randa, ta sa aka samo mota zuwa asibitin Birnin Kudu.

A littafi, in tauraruwa ta suma, a ɗaki mai sanyi take farkawa, miji yana riƙe da hannunta. Ni a ɗakin mata na farka, fanka ba ta juyi, ga ƙarin ruwa a hannu, matar gadon kusa da ni tana nishi. Kafin la'asar rai ya yi halinsa, aka naɗe katifarta.

Allurai safe da yamma. Ɗibar jini, ɗibar fitsari, hoton mara. Tunkiyar da Inna ta ba ni ranar biki a nan ta tafi.

Likitar da ta duba ni ba ta yi faɗa ba. Tambaya kawai ta yi, me nake sakawa, tun yaushe. Sai ta ce za a yi mini gwajin cutar ƙanjamau, kuma tana son maigidana ya zo shi ma. Na ce ai an gwada mu kafin ɗaurin aure. Ta ce ta sani.

Ya zo da ƙurar hanya a rigarsa, da ledar lemo. Ya shiga ɗakin gwaji yana yi wa ma'aikaci barkwanci. Da ya fito, a bakin ƙofa ya tsaya, ya kasa ƙarasowa gadona. Ledar lemon a kan benci ya bar ta.

Nasa ya nuna. Nawa bai nuna ba.

Na fara hamdala, likita ta dakatar da ni. "Kada ki yi murna tukuna, Hauwa. In sabon kamu ne, yakan ɓuya wa gwaji. Ga ki da miki a ciki, miki kuwa ƙofa ce a buɗe."

Ta ce a sake gwaji bayan 'yan watanni.

Watannin nan su ne jinyar gaske. Mikin ya warke, aka sallame ni, amma ko atishawa na yi sai gabana ya faɗi. Nakan duba harshena a madubi. Na buɗe littafi na kasa wuce shafi. Maigida ya fara shan magani, ya koma kwana a zaure da kansa. Ya rantse bai san inda ya samo cutar ba. Ban ce na yarda ba, ban ce ban yarda ba.

Wata ma'aikaciyar jinya, Sista Rabi, ita nake gani in na koma. Na tambaye ta, macen da ba ta da bakin cewa miji ya sa kwaroron roba, ya za ta yi? Ta ce masu bincike sun daɗe suna neman abin da mace za ta saka da hannunta, a wurin nan da muke cusa matsi, amma shi tare ƙwayar cutar yake yi. An gwada wani mai kamar man shafawa, an kuma yi wani zobe mai laushi da yake zama a ciki yana sakin magani a hankali. Ba ya karewa gaba ɗaya, amma yana rage haɗari. Na ce a ba ni. Ta ce bai iso wajensu ba.

Ranar gwaji na biyu ban kalli ɗan tsinken gwajin ba, fuskar Sista Rabi na kalla. Sai ta ɗago ta dube ni.

"Layi ɗaya ne. Babu."

Alhamdu lillahi. Allah ya saka wa Inna, da likitar nan, da Sista Rabi. Yanzu ina shan ƙwayar riga-kafi kullum, shi ma bai fasa tasa ba, an ce in ya riƙe ta sosai da wuya ya sa mini.

Mata, in abu yana yi miki raɗaɗi, ki daina, ko wa ya ba ki. In kin ga ƙurji ko wari, asibiti, ba mai ganye ba. Gwajin kafin aure na ranar ne kawai, ku riƙa sabuntawa. Ku tambayi ƙwayar riga-kafi, ku tambayi zoben, ko za a ji yawanmu a kawo.

Jiya Gwaggo ta aiko da sabon ƙulli. Guda biyu ne. Ɗayan na ƙanwata Zainab, da za a kai ɗakinta bayan girbi.

Duka biyun na zuba a masai. Gobe zan je Fagam wajen Gwaggo.