Barka da Sallar Kyanwar Malam

Ni ban yi boko ba, na allo ma iyakata abin da zan yi salla da shi. Matar ɗana ce take rubuta wannan, na kuwa ce mata ta rubuta yadda na faɗa, har inda maganar ta taɓa ta.

Malam ya rasu a farkon watan azumin tsofaffi, a gidanmu na Gwandu. Mun haura shekara arba'in tare. Har yau in na ji wani ya yi gyaran murya a ƙofar gida sai na ɗaga kai, sannan in tuna. Ba na ɓoye kukana. Masu cewa in yi haƙuri sun faɗi gaskiya, ina yi, amma hawayen ba su tsaya ba.

Ya bar dabbobi biyu da ba su shiga rabon gado ba, kare da kyanwa. Karen ja ne, bai taɓa shigowa cikin gida ba, wurinsa bakin garken awaki a bayan katanga. Kyanwar fara ce mai baƙin tabo a kunnen hagu. Mu mussa muke cewa, haka shi ma yake kiranta.

Malam yana da wata al'ada da mutanen unguwa suke yi wa dariya. Duk Sallah sai ya ba su barka da Sallah. Ranar jajibere zai shiga kasuwa ya tsaya gaban masu bandar kifi, ya ɗauki wannan ya shinshina, ya ajiye, ya ɗauki wancan, yana tambaya ko an sa gishiri, don wai gishiri yana zubar wa kyanwa da gashi. In ya karɓo ɗinkinsa kuma sai ya roƙi tela ragowar ƙyallen rigar, ya ɗaura mata a wuya da safe kafin ya tafi Idi. Ba ta taɓa kai azahar da shi ba. Shi kuwa kare ƙashin cinyar rago ne nasa, kuma da gangan Malam yake barin nama a jiki. In na yi magana ya ce, "Shekara guda yana kwana a waje saboda awakinmu, ki bar shi ya san an yi Sallah."

Ƙaramar Sallah ta same ni cikin takaba, ba na fita ko zaure. Ɗana ya zo daga Kalgo, inda yake gyaran injin ban ruwa na masu noman shinkafa. Ta taga na hango shi riƙe da ƙasusuwa a leda da sabuwar igiya shuɗiya, ya nufi bayan katanga. Na ji daɗi har na yi kuka, na ce ashe yaron nan ya riƙe al'adar ubansa. Washegari ban ji haushi ba. Kwana na biyu ma haka. Sai a bakin maƙwabciyata na ji wai an ba wani makiyayi karen, can wajen Maruda, da wannan igiyar aka ja shi.

Ban tambayi ɗana ba, don shi ne ɗan farina. A gidanmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta zaunar da shi ta tuhume shi ido da ido, shi ma ba ya buɗe mata cikinsa. Da can Malam ne a tsakaninmu, ni in faɗa masa, shi ya faɗa wa yaron. Da ya tafi sai hanyar ta toshe. Na haɗiye maganar, amma daga ranar na san irin kyautar da ke zuwa da igiya.

Saura kwana uku Babbar Sallah, na riga na fita takaba, sai waya ta yi ƙara. Matar ɗana ce.

"Inna, wai ya ce a tambaye ki me za a kawo wa kyanwa na Sallah."

"Ita ta aiko muku tana son wani abu?"

Ta yi dariya. "A'a, Inna. Ya ce dai kada a bar abin da Baba ya saba."

"Yaushe ya fara sonta? Mutumin da in ta hau tabarmarsa yake kaɗe ta da hula."

"To ni dai aike ce aka ba ni."

Na yi tunani. In na ce ba na son komai, za su zo da abin da suka ga dama. Sai na zaɓa da kaina. Na ce bandar tarwaɗa, ƙanana, marasa gishiri. Na ce kada a kawo mini abin da ake ɗaurewa, kada a kawo abin da ake rufewa. Ta ce to, amma na ji to ɗin ya yi jinkirin fitowa.

Ranar jajibere da hantsi suka iso da rago a bayan mota. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta miƙo kifin. Ɗana yana can yana sauke kaya, sai na ga ya shigo da wani sabon kwando mai murfi, irin wanda ake kai kaji kasuwa, ya ajiye shi a gindin rumbu kamar ba nasa ba. Na dube ta, ta dubi ƙasa.

Kowa ya san yadda ake rabuwa da kyanwa a garin nan. Ba a kashe ta, ana tsoron alhaki. Rufe ta ake yi a buhu ko kwando, a kai ta kasuwa mai nisa ko a ƙetare ruwa da ita, a buɗe a juyo. Kalgo kuwa ga nisa ga ruwa.

Na ɗauki Mussa na sa ta a ɗakina na ja ƙofa. Kifin ban ba ta ba. Na ɓantari ɗaya na ci da kaina, na zauna ina jira in ji ko barci zai ɗauke ni, don na taɓa jin ana barbaɗa wa dabba magani kafin a yi tafiya da ita. Har la'asar idona biyu, sai ƙishirwa. Ashe da gishiri ma. Na wanke sauran na shanya. Kwandon kuwa na cika shi da albasa har baki, na ce na gode, dama ina neman wurin zuba ta.

Da safen Sallah sun tafi Idi, ni ƙafata ba ta kai ni. Na fito tsakar gida na tarar an juye albasar a kan buhu, an jera ta tsaf. Na buɗe kwandon. An shimfiɗa tsohon zane a ciki, a gefe kuma ga wata 'yar roba an ɗaure bakinta. Na kwance na shinshina. Man shanu ne.

Nan na zauna a kan turmi. Duk kyanwar da Malam ya kawo gidan nan, ranar farko sai ya shafa mata man shanu a tafin ƙafa huɗu. Yakan ce in ta zauna ta lashe shi tas, ta karɓi gidan ke nan, ba za ta gudu ba. Wannan ma haka ya yi mata ranar da ya zo da ita daga Diggi a aljihun riga. Ɗana yana ƙarami shi ke riƙe masa ƙoƙon man. Wanda zai yar da kyanwa a kasuwa ba ya sayen man shanu. To gida za a kai ta. Gidan wa? Wani makiyayin aka samo mata ita ma?

Bayan an yanka rago, ɗana yana zaune a tsakar gida yana rarraba nama, matarsa tana wanke kayan ciki. Na fito da Mussa, na shimfiɗa tabarma na ba shi gefe, na ɗora ta a cinya. Da ita na yi magana.

"Mussa, tambayi mai yankan nama, a wane gida za a shafa miki mai?"

Wuƙar ta tsaya. Sannan shi ma ya dubi kyanwar.

"A gaya mata akwai ɗaki a Kalgo, ta gabas, an yi masa siminti an sa taga. Babu ɓera, amma in tana so za a nemo."

Na ce wa Mussa, "Ke kaɗai za ki kwana a ɗakin?"

"Katangar nan ba za ta kai ƙarshen damina ba," ya ce. "An kuma ji labarin faɗuwar da aka yi a bakin rijiya, ko da yake an hana a faɗa. An san in an ce a taho ba za a taho ba. Shi ne aka ce a fara tafiya da ita, mai ita ba za ta kwana biyu ba, za ta biyo."

Matarsa ta ce, ba ta ɗago ba, "Na gaya maka Inna za ta gane tun daga bakin ƙofa."

"Ke ma ai da ke aka shirya," na ce mata. "Wa ya juye albasa?"

Ta yi shiru. Yanzu ma da take rubutawa shiru ta yi.

Na shafa bayan Mussa na ce, "Tambaye shi, shi ma kare ɗaki aka yi masa?"

Ya ajiye wuƙar gaba ɗaya. "An raba awaki a gado, yana kwana a bakin garke babu komai a ciki. Ya daina ci, yaran unguwa suna jifansa. Yanzu yana bin shanu, ya yi ƙiba. Amma ban kyauta ba da ban sa an faɗa ba."

Na san maganar jifa gaskiya ce, ina jin kukansa daga ɗaki. Duk da haka ban ce na yafe ba a lokacin. Sai ya sa hannu a aljihu ya fito da wani siririn ƙyalle, irin yadin rigar da ke jikinsa, ya ajiye a bakin tabarma.

"An ce kada a kawo abin ɗaurewa, shi ya sa ban fito da shi da safe ba."

Na yi kuka sosai a gabansa, abin da ban taɓa yi ba tun da na haife shi. Na ɗaura mata. Kafin magariba ta cire.

Sharaɗi biyu na kafa, duk ta bakin kyanwa. Babu mai taɓa kwandon nan sai ni. Kuma ba zan bar Gwandu ba sai na ga kare da idona, na ba shi ƙashinsa. Washegari ya kai ni rugar a mota. Karen ya taho da gudu, ya tsaya nesa da zanena daidai inda Malam ya koya masa tsayawa, yana kaɗa wutsiya. Ƙibar ba ta kai yadda aka faɗa ba, amma ba a yi mini ƙarya ba. Na jefa masa ƙashin cinya da namansa a jiki.

Bayan mako guda muka taho Kalgo, kwando a cinyata, hannuna a kan murfi har muka iso. Ni na shafa mata man. Ta zauna a bakin ƙofar sabon ɗakin ta lashe ƙafa huɗu tas, kuma ba ta gudu ba.

Ni ban san ko na karɓi gidan ba tukuna. Makullin Gwandu yana ɗaure a bakin zanena. Kwandon kuma yana ƙarƙashin gadona. Sau biyu matar ɗana tana neman aronsa wai za ta kai kaji kasuwa, na ce ta nemi wani.