Sifanar Inji a Wuyan Jatau

Har gobe ban manta da ranar da muka bi sawun sifana guda har kasuwar Bungudu ba, mu uku a motar ma'aikata, kamar masu neman ɓataccen sa. Ku da ke yar da sifana a ƙarƙashin mota ku tafi cin alale, ku matso ku ji.

Ƙarshen zamanin Turawa ne, ana ta maganar mulkin kai. Ina direba a ma'aikatar daji a Gusau. Kafin nan na ja mota a Jos, na ja a Inugu, har Fatakwal na sha sauro, amma ban taɓa ganin zarto mai inji ba sai da muka ɗauko shi a tashar jirgin ƙasa. Na hannu ne, an sayo shi wurin wasu 'yan katako na Kudu da suka gaji da shi. Muka buɗe akwati: ga inji, ga sarƙa, har tsumman da tsohon mai shi ke goge hannu an sako mana. Sifana ce kawai babu. Daga baya na gane haka abin yake ko'ina. In ka sayi inji na hannu komi zai zo, sifana kuwa tana can aljihun wani.

Bari in yi wa wanda bai san aikin ba bayani. Sarƙar nan mai haƙora, in ta yi zafi sai ta saki. In ta saki ba ta ci, kuma tana iya tsalle ta sari mai riƙe da ita. Sai an kwance noti biyu, an murɗa wata kusa, an sake ɗaurewa. Sifanar da ke yin wannan, baki ɗaya na noti ne, ɗaya mai faɗi na kusa. Injin kuma ƙirar Jamus ne, motocinmu na Ingila, duk sifanun da ke akwatina ba wadda ta shiga. Wani maƙeri ya ƙera mana, ta soma cinye kan noti, muka bari. Sai da aka aika Legas, muka yi watanni muna jira.

Tsarinmu a lokacin, akwai Malamin Daji a ofis, ƙarƙashinsa heluma mai kula da leburori. Namu heluman Baba Labbo ne, dattijo mai magana a hankali. Injin kuwa Audu aka ba. Leburan gatari ne da, aka ɗaga shi, aka ɗinka masa kaki, surukansa na Damba suka fara ce masa Injiniya. Ranar da sifana ta iso, Malamin Daji ya miƙa masa a gabanmu ya ce, "Audu, ba ta da ta biyu. Ranar da ta ɓace inji ya koma sito, kai kuma ka koma wa gatarinka."

To, Audu mutumin kirki ne, sai dai yana son 'yan kallo. Duk ƙauyen da muka je sai jama'a su kewaye mu, don ƙarar abin ta fi ta jirgi. In sarƙa ta saki, maimakon ya ɗaure ya ci gaba, sai ya zaro sifana a hankali, ya ɗaga ta sama, ya hura mata iska, sannan ya duƙa. A wani ƙauye kusa da Bungudu wani ya tambaye shi mene ne wannan.

Audu ya ce, "Wanga shi ka sa ƙarfe ladabi. In babu shi, haƙoran ga sai su cinye ni da raina."

Gaskiya ya faɗa, sai dai bai duba su wa ke saurare ba. Muka tafi sallar azahar, ya bar ta a kan kututture. Muka dawo, babu.

Audu ya roƙe mu kar mu faɗa. Muka yi shiru, yana lallaɓa inji yana yanka ƙananan rassa. Ana haka aka yi ruwa da iska na farkon damina, wani ƙaton maɗaci ya faɗo ya tare hanyar Tsafe, motocin kasuwa suka yi layi. Malamin Daji ya aiko cewa gobe da hantsi zai zo da kansa ya ga yadda inji ke aiki. Muka isa wurin maɗacin, sarƙa kuwa ta saki har tana lilo kamar abin wuya. Audu ya zauna a inuwar mota, aka kawo fura ya ce ba ya sha.

Na ce, "Injiniya, in wasa maka gatari?"

Ya ce, "Direba, don Allah bari. Mi zan ce ma mutanen Damba?"

Wata mai fura da ke cikin motocin da suka maƙale ita ta cece mu. Muna hira ta ce ai su a Bungudu ana ta dariyar Jatau ɗan tauri, ya yi sabon laya dogo kamar rogo, mai nauyi, in yana rawa har buga masa ƙirji yake. Baba Labbo ya dube ni, na dube shi. Na ɗauko hannun tayar da mota.

Muka tarar da 'yan tauri tsakiyar kasuwa, ganga na tashi, Jatau na goga wuƙa a cikinsa yana kirari. Ƙato ne, baƙi, sunan ne kawai Jatau. Ga layan nan a wuyansa, na jar fata, sabo fil, baduku ya ɗinke shi ruf. Ko makaho ya shafa ya san sifana ce.

Audu ya zabura zai ce ɓarawo, Baba Labbo ya riƙe masa riga. "Kai yaro, ƙirga wuƙaƙen da ke wurin ga tukuna."

Muka jira aka tashi. Baba Labbo ya je ya gaishe shi, ya tambayi gida, ya tambayi gona, har da lafiyar karnukansa. Can ya ce, "Jatau, ƙarfen ga da ke wuyanka muke biɗa."

Jatau ya dafe ƙirji. "Baba, ban sata ba. Bisa kututture na ishe shi, an bar shi awa marar uwa. Wanda ya san darajar shi ba ya aje shi ƙasa."

"Wannan gaskiya ne."

"Kuma tun da na rataya shi, ko ƙaya ba ta soke ni ba."

Audu ya kasa haƙuri. "Malam, sifana ce! Noti ake kwancewa da ita!"

"Kai da bakinka ka ce shi ka sa ƙarfe ladabi. Ƙarya ka yi?"



Baba Labbo ya ce, "Ba ƙarya ya yi ba. Amma ga jama'a can hanyar Tsafe da kayansu, ga kuma yaron ga, abincin gidan shi na cikin layanka. Yaya za a yi?"

Jatau ya dubi Audu ya ce, "Ba ni raba mutum da abinci nai. Amma na rantse gaban abokaina ƙarfen ga ba ya barin wuyana."

"To kar ya bari. Kai za ka biyo mu."

Aka kira baduku ya farke fatar ta sama da ta ƙasa, bakunan sifana suka leƙo, tsakiya na nan a ɗinke da igiyarta. Jatau ya hau bayan mota da wuƙaƙensa.

Washegari da hantsi Malamin Daji ya iso. Abin da ya tarar shi ne Audu a durƙushe gaban inji, ga wani ƙato ya sunkuyo kansa, goshi da goshi, Audu na murɗa noti da abin da ke wuyan ƙaton. Igiyar gajera ce, duk murɗawa ɗaya sai Jatau ya bi da kai.

"A hankali, Injiniya, za ka shaƙe ni!"

"To duƙo mana!"

Malamin Daji ya ce, "Heluma, mene ne wannan?"

Baba Labbo ya ce, "Ranka ya daɗe, wurin ajiya muka samar mata."

"Sifanar tana nan ke nan?"

"Ga ta kana gani."

Ya zagaya ya duba, ya ga dai ita ce. Ya cije leɓe, ya juya baya, muna ganin kafaɗunsa na rawa. Audu ya ja igiyar inji, abu ya ɗauka, kafin azahar maɗaci ya zama gunduwa-gunduwa, direbobi na ta danna ham. Da Malamin Daji zai tafi ya ce wa Audu ya ci gaba da riƙon injinsa, ya kuma ce a ɗauki Jatau lebura, tunda dai dole a riƙa tafiya da shi.

Na yi shekaru tare da su kafin a mai da ni Sakkwato. A tsawon lokacin nan mun ɓatar da jarka, mun ɓatar da fartanya, ni kaina na ɓatar da jak. Sifana kuwa ko sau ɗaya. Wa zai kai hannu wuyan Jatau? Wahalar kawai, in sarƙa ta saki Jatau ya zaga bayan gari, sai kowa ya zauna.

Abin da na koya, a aikinmu babban inji ba ya ɓacewa, ƙaramin abin da ke riƙe da shi ne ke tafiya, don haka ku san a hannun wa yake kafin ku tashi sallah. Kuma mutanenmu suna sauraro da gaske. In kana aiki gaban jama'a aka tambaye ka mene ne wannan, ka ce sifana ce, ka duƙa ka ɗaure notinka.