Gaba Nawa Ka Saki?

Ni ɗan masunci ne, amma abin da na gada a harkar ruwa bai wuce cin kifin ba. Tun ina ƙarami aka kai ni makaranta Gaya, na tashi na zama malamin firamare, hannuna bai san komai ba sai alli. Babana kuwa, duk ƙauyukan bakin kogi ta wajen Gafasa sun san shi da kamun ragon ruwa, farin kifin nan mai gashin baki da tsoka mai laushi. Da bazara, in kogi ya janye ya bar gurabu nan da can, sauran masunta sukan haƙura da 'yan ƙananan karfasa. Shi kuwa sai ya kife a kan goransa, ya shiga gurbi mai zurfi da igiyar ƙugiya, ya fito da abin da mutane za su tsaya kallo.

Da kakar wata shekara ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi. Allah ya sa da sauran kwana, baki ya dawo, hannu ya ɗan saki. Likita ya ce ƙafar dama ma za ta dawo in yana taka ta, in kuwa ya zauna, to ta tafi ke nan. Baba ya zaɓi zama. Wata biyar bai wuce soro ba. In an yi masa maganar tattaki sai ya ce, "Na gama nawa," ya juya fuska bango. Innarmu ta ce da ni, "Ubanka fa ya zama gaiwa, yana kwance yana cin jikinsa." Na ji tsoro ƙwarai, don na ga alamar a soron nan za mu rasa shi.

Da aka ba mu hutun Afrilu na zo gida, na sauko da goran daga rataye, na kaɗe masa yanar gizo a gaban Baba. Ko kallo ban ishe shi ba. Kada a ɗauka wata dabara na ƙulla. So nake kawai in kawo masa ragon ruwa ya sha romo, ko bakinsa ya buɗe. Kwana uku ina zuwa gurbin da hanjin kaza, rana tana gasa mini ƙeya, ina dawowa da hannu biyu. Yini guda ma goran ne ya juye da ni, na sha ruwa har na ƙoshi.

Rana ta huɗu ta faɗo ranar kasuwar Ajingi. Kunya ta sa na yi abin da ko ɗalibina ba zan yafe wa ba. Na sayi ragon ruwa sabon kamu, na biya ta gurbi na jiƙa wandona, na shigo gida ina haki na dire shi gaban Baba.

Ya daɗe yana dubansa. Ya sa hannun hagu ya buɗe bakin kifin, ya leƙa, sannan ya shafa wani zobe da ya kewaye wuyansa.

"Malam," ya ce, don haka yake kirana in zai yi mini tsiya, "ƙugiyar taka ta wuya take kamu? Wannan ai shatin raga ne."

Inna ta tuntsire da dariya daga bakin ƙofa. Ni kuwa na rasa inda zan sa kaina. Amma sai na lura da wani abu: Baba ya tashi zaune da kansa, ba wanda ya tallafe shi.

"Gaba nawa ka saki?" ya tambaya, yana nufin tsawon igiya, awon hannu biyu a buɗe.

"Ɗaya, Baba."

Ya ja tsakin da rabona da jin irinsa tun kafin ciwon. "Gaba ɗaya da bazara! Kai in zafi ya dame ka, kan kwano kake hawa? Ruwan sama ya zama ruwan wanka. Ragon ruwa ƙasa yake sauka, inda sanyi yake."

"To, gaba nawa zan saki?"

"Ba a faɗarsa da baki. Kowace shekara gurbi sauya kwanciya yake."

Washegari bayan sallar asuba na fito da gora, sai na tarar da shi a ƙofar soro, hula a kai, sanda a hannu. Maƙwabcinmu Bafulatani ya ce bari ya ɗaura shanu a amalanke. Baba ya ce shi ba buhun gyaɗa ba ne. Tafiyar da nake yi kafin shayi ya huce, sai da hantsi ya dubi ludayi muka gama ta. Sau huɗu muna hutawa, yana jan ƙafar tana zane a yashi, yana yi mini faɗa duk lokacin da na miƙa hannu.

A bakin gurbi ya zauna gindin wata giyayya. Hawa gora dai ya fi ƙarfinsa, mu duka mun sani. Sai ya ari ƙafafuna. Na hau gora na shiga, na sake su suna reto a ruwa yadda ya ce, shi kuma yana nuni da sanda.

"Matsa gabas! Ka ji sanyi?"

"A'a, Baba, ɗumi ne."

"Ƙara gaba. Yanzu fa?"

Can kusa da wata gaɓa da ruwa ya zaizaye, sai na ji kamar na tsoma yatsuna cikin randa. Na ƙwala masa kira. Ya ce in ɗaura dutse in saki gaba uku. Na saki, na jira. Ban san tsawon lokacin ba, igiya dai ta girgiza a hannuna, Baba yana ihu, "Kada ka fizga, ɗan boko! Bi shi a hankali!"

Kifin bai kai tsawon kamu ɗaya ba, na kasuwa ya ninka shi. Baba ya buɗe bakinsa, ya ga ƙugiya a inda ya kamata, ya gyaɗa kai. Daɗin da na ji ko ranar da na karɓi takardar aiki ban ji shi ba.

Kafin mu tashi ya ja jiki zuwa bakin ruwa, ya ɗaga ƙafar nan da hannu ya tsoma ta. Na so in tambaye shi ko yana jin wani abu, na kasa.

Na saɓa gora zan yi gaba, sai ya ce, "Ina za ka da shi?"

"Gida, Baba."

"Ajiye shi a bukkar mai lambun can. Wa zai yi ta jigilarsa kullum safiya?"