Dawar da Aka Sare a Gefen Waya

Ranar Laraba, goma sha takwas ga watan Satumba, 1963, da hantsi, Allah ya karɓi ran Malam Zubairu manomi na Badawa, bayan zazzaɓin da bai daɗe yana jinyarsa ba. Ina tsaye gaban allo a makarantarmu ta Tudun Wada aka aiko mini. Kafin la'asar an kai shi makwancinsa. Daga Allah muka zo, gare shi kuma za mu koma.

Malam Zubairu, ni ne Sama'ila, malamin makarantar nan Bazazzagi da kake yi wa tsiya kana cewa hannuna ya fi na amarya laushi. Na san ta'aziyya ba wurin faɗa ba ce, kuma na yi niyyar in yabe ka in yi addu'a in ajiye alƙalami. Amma raina a ɓace yake, in kuwa na ɓoye ɓacin ran nan na ci amanar zaman da muka yi.

Na zo Kano baƙo, ni Kirista kai Musulmi, ban san kowa ba sai wanda ya ba ni hayar ɗaki. Wata Asabar ka gan ni ina leƙen gonarka, wadda ke tsakanin Badawa da wayar da ta kewaye unguwar Turawa ta Nassarawa. Ba ka tambaye ni addinina ba. Ka tambaye ni ko na iya riƙe fartanya, na ce na iya, ka duba tafin hannuna ka yi dariya har da tari. Duk da haka ka yanka mini kunya goma a gefe, ka ce in yi ta fama.

A nan na ga yadda kake riƙon ƙasa. Gonar da ka gada wurin mahaifinka kashi huɗu ka raba ta. Inda gyaɗa ta kwana bana, baɗi dawa ce za ta shiga. Bayan dawa sai gero, da wake a tsakaninsa. Shekara ta huɗu sai ka bar wurin ya huta, in rani ya yi ka kira Fulani su ɗaure shanunsu a kai, su ci kara su bar maka taki. Haka kasun nan huɗu suke karɓa-karɓa tun kana saurayi. Da na shuka masara a kunyoyina shekara biyu a jere, ta fito 'yar tsigil ganyenta rawaya, sai ka zo ka tsaya a kaina.

“Malam,” ka ce, “in matarka ta yi maka miyar kuka yau, gobe, jibi, har shekara ta zagayo, ai sai ka kai ƙara gun surukai. To ita ƙasa ba ta da surukai. Shiru za ta yi maka, ta hana ka.”

Mutanen Badawa da Kaura Goje sun san ka da wani hali da har ake yi maka dariya a kansa. Ba ka iya wuce wuta-wuta, muguwar ciyawar nan mai jan fure da ke shanye dawa, ko a gonar wa take. Sai ka sauka daga kan jaki ka tumɓuke ta kafin ta zubar da iri, ka cika aljihun taguwarka, ka je gida ka ƙona. Sau nawa ka rasa cinikin safe a kasuwa saboda gonar mutumin da ba ku ko gaisawa? Shekarar da ciyawar nan ta cinye gonar Tani, gwauruwa mai marayu, kai ka ba ta kashinka mafi kyau ta noma hatsi, ka karɓi nata ka yi ta jinyarsa da wake da taki har ya farfaɗo, sannan ka mayar mata ba tare da ka ɗauki ko dami ɗaya ba.

To, ga abin da ya sa nake rubutu da zafi. Tun zamanin Turawa akwai doka a unguwar nan, cewa ba a shuka abin da ya wuce gwiwa kusa da waya, wai dawa da gero suna tara sauro, shanu kuma suna kawo ƙuda. A lokacin kashi ɗaya ne na gonarka dokar ta hau, wanda kake kira gefen waya. Ba dawa, ba gero, ba shanu, sai gyaɗa da wake, su kuwa 'yan gida ɗaya ne, cutarsu ɗaya. Muna kallo wurin nan ya tashi daga jar ƙasa mai danƙo ya koma rairayi fari. Gyaɗar ta riƙa kuturcewa, in an tone sai ɓawo babu ƙwaya. Ka haƙura, ka ce Bature baƙo ne, bai san dawa ba sai a faranti.

Da aka sami mulkin kai, na tuna da kai ka zo ƙofar ɗakina fuskarka fal murna. Ka ce yanzu 'ya'yan manoma ne za su shiga gidajen nan, waɗanda aka yaye da kunun gero, ba sai an yi musu bayani ba. Ashe gudun gara muka yi muka faɗa gidan zago. Aka gina sababbin gidaje, aka matso da waya, gonarka gaba ɗaya ta shiga cikin dokar. Ka yi ta zirga-zirga daga wannan ofis zuwa wancan da hularka ta Juma'a, kana roƙon a bar ka ka ceci ƙasar ubanka. Duk inda ka je sai a ce haka aka tarar. Mun sauke tutar Turawa, mun rungume dokar da suka yi don tsoron zazzaɓinmu, muna kaɗa ta a kan iyayenmu.

Damina biyu ka yi biyayya, kana ganin sauran kasun uku suna bin sawun na farko. Bana da rani ka yi ta jigilar taki daga cikin birni a kan jaki, mangala bayan mangala, kana zubawa a gefen waya. Da ruwa ya sauka ka shuka dawa a wurin, da rana tsaka, kowa na gani. Na ce maka za su zo. Ka ce ka sani, amma gona tana mutuwa a hannunka, kuma ba ka san abin da za ka gaya wa mahaifinka ba.

Dawar nan ta yi kyau, Malam Zubairu. Ta wuce kanka, ganyenta shar, a wurin da shekara da shekaru bai ba da abin kirki ba. Ƙarshen watan Agusta, tana shirin yin ciki, duba-gari ya zo da leburori da adduna. Ka tsaya a bakin kunya hannunka a baya, ba ka zagi kowa ba. Abu ɗaya ka roƙa, ka ce su bar maka karan ya ruɓe a wurin, ƙasa ta ci. Aka ce umarni bai ce haka ba. Suka loda shi a mota suka kai juji.

Lawan, kukun gidan da ke daura da gonar, shi ya gaya mana daga baya cewa maigidansa ne ya kai ƙara, wai sauro ya hana iyalinsa shan iska a baranda. Ba zan ambaci sunan mutumin nan ba, babban ma'aikaci ne, kuma na ji an ce ubansa manomi ne. Amma zan faɗi abin da idona ya gani ta cikin waya. A bayan gidansa akwai kwatamin siminti da ake tara ruwan ban furanni, ya yi kore, 'ya'yan sauro na wutsil-wutsil a ciki. Shingen furen da ya kewaye gidan ya fi dawarka tsayi. Takin da ya rayar da furannin kuwa, daga mangalarka mai lambunsa ya saya. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Ban ce su suka kashe ka ba. Kwana ne ya ƙare, kuma zazzaɓi bai san bawa bai san ɗan sarki ba. Amma na ga mutumin da ya koma gida ranar nan, kuma ba shi ne wanda ya fito da safe ba. Ka daina tsokanata. Na ga ka wuce wuta-wuta a bakin hanya ba ka sunkuya ba, a nan na san abin ya yi maka nisa.

Ranar sadakar uku muna zaune a ƙofar gida sai ga Lawan tafe da buhu a kan keke, kansa a sunkuye. Ya ce maigidansa ne ya aiko a yi sadaka, yana yi wa iyali gaisuwa. Aka kwance bakin buhun. Dawa ce. Ni dai na so a mayar wa maigidan Lawan da abinsa a ƙofar barandar tasa.

Uwani, matarka, ta fi ni hankali. Daga bayan zana ta ce a karɓa, a ce an gode, sadaka ba a mayar da ita. Aka surfa aka yi tuwo jama'a suka ci. Amma kafin a kai turmi ta sa an auno mudu guda, ta kira ɗanku Hamisu ta damƙa masa.

“Ka zuba toka ka ajiye,” ta ce, “wannan iri ne. Baɗi in Allah ya kai mu, a gefen waya za ka shuka, inda ubanka ya zuba taki. In sun zo da addunansu, ka ce su fara shiga su tambayi maigidan, don dawarsa ce.”

Ni ma zan kasance a bakin kunyar ranar, da hannun nan nawa mai laushi.

Allah ya jiƙanka, Malam Zubairu, ya yafe maka kurakuranka, ya haskaka kabarinka, ya sa ƙasar da ka yi wa adalci tsawon ranka ta yi maka sauƙi. Ina miƙa ta'aziyyata ga Uwani, da Hamisu, da 'yarka Binta da 'ya'yanta, da Tani da marayunta, da dukan jama'ar Badawa da Kaura Goje. Allah ya ba ku haƙurin rashi, ya raya gonar da ya bari, ya kawo mana damina mai albarka. Amin.