Akwatin da ke amsa sunan ɗan farina

Shekara huɗu ke nan da rasuwar ɗana na fari. Ya tafi garin Isa haɗa wa wani masallaci sola, a hanyar dawowa Sabon Birni 'yan bindiga suka tare motarsu. Allah Ya jiƙansa, Ya jiƙan waɗanda suka tafi tare da shi. Masu karatu za su ga ban rubuta sunansa ba. Ku yi mini uzuri. A gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, haka na tarar da mahaifiyata tana yi, haka na yi. In zan ambace shi sai in ce "yayanku", in kuwa da shi nake, sai in ce "kai".

Tun yana ƙarami ba ya barin rediyo ta zauna lafiya. Da ya dawo daga karatu a Sakkwato sai ya zo da wata 'yar na'ura wadda ba ta wuce sabulun wanki girma ba, ya maƙala ta bayan talabijin, ya ce kwamfuta ce. Akwati muke ce mata. Ya zuba mata manhajar da ya ce mutanen duniya ne suka haɗu suka rubuta kyauta, shi kuma ya yi ƙari da nasa. A ciki ya tara karatun Alƙur'ani da tafsiri da bidiyon bukukuwan dangi, har da muryar kakarsa tana ba da labarin tsohon birnin Alkalawa. Daga baya ya ja waya zuwa fitilu da fanka da injin rijiyarmu. Rana na ɗagawa batir ya cika, sai injin ya tashi da kansa. Tanki na cika ya tsaya. Da hantsi kuma famfon da ya fitar ta bayan katanga ya buɗe wa maƙwabta.

Abu ɗaya ya nace a kai: komai ya zauna a cikin gida, kada ya dogara da sabis. Mahaifinsa yana yi masa dariya, yana cewa wahala ce kawai. Sai ga shi an yanke layukan waya a yankinmu na tsawon lokaci. Wayoyi suka zama fitilun hannu, amma akwatin bai san an yi ba. Matan unguwa suka riƙa cika tsakar gidana bayan la'asar suna sauraron tafsiri. Raina ya yi fari ƙal, amma ban ce masa komai ba. Ba a yabon ɗan fari a gabansa.

Ana nan sai ya sa wa akwatin kunne. Ya koya masa kalma guda wadda in an faɗa zai saurara, ya naɗi muryarsa tana cewa "Na'am", sannan a ba da umarni. Kalmar da ya zaɓa kuwa sunansa ce. Da gangan ya yi. Ya tsaya a ƙofar ɗakina yana murmushi ya ce, "Inna, daga yau ba tashi. In kina son fanka, suna ɗaya za ki kira."

Na ce, "Kai, ba ka da kunya."

Ya ce, "Ai ba ni kika kira ba, akwati ne."

Ƙannensa suka yi ta dariya, suna ta kwaɗa sunan har mahaifinsu ya tsawatar. Ni kuwa na tashi na danna makunni da hannuna. Haka na ci gaba da yi, ko da gwiwata na ciwo. In ya gan ni na miƙe sai ya ce, "Inna, za ni jira. Wata rana zafi zai sa ki kira."

Bayan rasuwarsa babu wanda ya sake kiran sunan a falo. Ba mu yi shawara ba, kowa dai ya koma makunni. Har baƙi masu irin sunansa muna tarbarsu a zaure. Amma akwatin bai daina aikinsa ba. Ranar sadakar uku injin ruwa ya tashi a kan lokacinsa, ina zaune cikin mata na ji ƙararsa, sai da aka riƙe ni.

Ƙanwarsa Nafisa ce ta bi sawunsa, yanzu tana karatun kwamfuta. Takan nuna mini inda abin ya kai. Wai yau manhajojin nan suna jin magana doguwa, suna gane fuskar mai ƙwanƙwasa ƙofa, suna zaɓa maka abin kallo tun ba ka tambaya ba. Nakan tambayi kaina me yayanta zai ce da yana raye. Na san zai kwana biyu bai ci abinci sosai ba don murna. Na kuma san zai ɓata fuska in ya ji da yawansu ba sa motsi sai da data, kuma abin da aka faɗa a ɗaki sai ya je wata ƙasa ya dawo kafin fitila ta kama. Zai ce, "To ranar da aka yanke sabis fa?" Mu nan mun san ranar tana zuwa.

Nafisa ta taɓa ce mini akwai manhajar da za a ba 'yar muryar da ya bari, ta riƙa magana kamar shi, ta faɗi duk abin da aka rubuta mata. Na ce a'a. Wanda ya koma ga Ubangijinsa ba za ni sa masa maganar da bai yi ba.

A daminar bana akwatin ya fara gajiya. Sai ya ɗauke, tanki ya bushe, yaran maƙwabta su koma da jarkokinsu wayam. Nafisa ta duba ta ce katin ajiyarsa ya tsufa, dole a sa sabo da sabuwar manhaja. Karatu da bidiyo duk za ta kwashe. Kunnen ne ba zai bi ba, don shi ya ƙera shi da hannunsa, sabuwar ba ta karɓarsa. Ta ce, "Inna, in ba ki so, sai mu bar shi har ya mutu da kansa." Na ce ruwan mutane ya fi. Ta ce to, za ta je kasuwa ta sayo sabon kati, in ta dawo ta cire tsohon.

Gidan ya rage ni kaɗai, da hantsi. Na share falo, na sake sharewa. Na zauna a gaban talabijin kamar mai jiran baƙo. Shekara ashirin da bakwai yana duniya bakina bai taɓa haɗa haruffan sunan nan ba, ashe suna da nauyi. Na farko muryata ta karye, akwatin bai ji ba. Na yi bisimilla na sake.

Ya ce, "Na'am."

Ba ni da umarnin da zan bayar. Ba fanka nake so ba, ba fitila ba. Shi kuwa yana jira. Can sai muryarsa ta faɗi abin da ya naɗa domin irin haka: "Ban ji ba, a sake faɗi."

Na sake faɗi. Ina ta faɗi har na ji sallamar Nafisa a zaure.

Yanzu akwatin yana aiki da sabon kati, ba ya amsa sunan kowa. Tsohon katin yana cikin adakata, na naɗe shi a ɗankwali. Ban ce al'adar iyayena kuskure ba ce, shi ma ya san abin da ke ƙarƙashin shirun nan, shi ya sa yake tsokanata. Abin da ya rage nasa a duniya ba muryar ba ce. Kullum da hantsi famfon bayan katanga yana buɗewa, ina jin matan unguwa suna tara bokitai, wata ta ce Allah Ya kai ladan kabarinsa, ta ambaci sunansa. Ni kuma daga cikin gida in ce amin. Ya ce zai jira, ya kuwa jira. Allah Ya sa ranar da za ni kira shi a can, shi da kansa zai amsa.