Ƙwan Zabo a Akurkin Dada

Har yau idan na shiga Dukawuya, tsofaffin unguwa ba sa kirana Malam Iro. Ƙwan Zabo suke ce mini, duk da furfurar da ke kaina, ni kuwa in amsa da fara'a, don na san inda sunan ya samo asali.

A ƙauye aka haife ni, can yamma da birni idan ka fita ta Ƙofar Kabuga. Makarantar garinmu aji huɗu ne iyakarta, ɗakuna biyu da inuwar tsamiya. Wanda ya gama, ko dai a kai shi babbar firamare a birni, ko ya koma bin shanu, kuma yawancinmu shanun suke komawa. Ni Allah ya taimake ni, kakata Dada tana zaune a Dukawuya wurin ƙanin babana, Baffa Sale. Sai aka kawo ni hannunta, kullum da safe in ratsa lunguna zuwa makaranta wajen Shahuci.

Lokacin yaƙin basasa ne. Kananzir ya yi wuya, ba a kunna fitila sai dole. Mu yara gaba ce ta kai mu, domin da an idar da sallar magariba an kwashe tuwo, sai Dada ta ƙara kara a murhu, ta tura gyaɗa cikin toka, mu kewaye ta. Ni ta fi tsokana. "Maigidana, matso nan," in ji ta, "ko bokon ya hana ka zama a ƙasa?" In ce na sake ta, na yi amarya mai haƙora. Ta kai mini duka da mafici, yara su fashe da dariya, sannan a fara tatsuniya.

Ina ajin ƙarshe, jarrabawar shiga sakandare ta kusa, sai yayana Buba, mai kiwon shanunmu, ya shiga soja. Girbi ya zo, shanu ba mai kiwo. Rannan da la'asar sai ga babana a kan kekensa. Ina kai masa ruwa soro na ji yana gaya wa Baffa, "Gobe da Iro zan koma. Gero na gona, shanu na ɓarna. Wannan karatu sai yaushe za a ci moriyarsa? Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki." Baffa ƙane ne, bai ja da shi ba. Na koma bayan randa na yi kuka har na gode Allah.

Mutum ɗaya ce za ta iya hana shi, wato Dada, ita kuwa ba ta yi masa magana. Babana ɗan farinta ne, mu kuma asalinmu Fulani ne, kunyar ɗan fari a gidanmu ba wasa ba ce. Ba ta taɓa ambatar sunansa ba. In ya durƙusa gaisuwa, bango take kallo ta amsa.

Da magariba ta yi, Dada ta ce wai hayaƙin murhu yana shiga idonta. Ta sa Inna Ladi, matar Baffa, ta ɗebo garwashi a kasko ta ajiye dab da ƙofar soro, inda maza ke sauraron labarin yaƙi a rediyo. Muka bi ta da tabarmi. Ta gyara murya, ta ɗaga ta fiye da kullum.

"Ga ta nan, ga ta nanku, har da masu manyan kunnuwa."

Muka ce ta zo mu ji ta.

Wai wani mutum ne ya tsinci ƙwan zabo a gonarsa. Ya san zabuwa ba ta iya reno ba, sai ya kai wa wata tsohuwar kaza, ya roƙe ta ta kwanta masa a kai. Kaza ta karɓa, ta bar kiwo, ta bar yawo, ta rame a kan ƙwan nan. Ana gab da ƙyanƙyasa sai yunwa ta kama mutumin, ya zo ya ce a ba shi abinsa ya dafa. Kaza ta ce, "Sa kunnenka ka ji, ai motsi yake." Ya ce shi ba motsi ya zo ji ba. Ya fizge, ya kai gida, ya fasa a kwano. Ba ƙwan da zai ci, ba ɗan zabon da zai kiwata, sai wari ya cika masa ɗaki har kajin maƙwabta suka zo yi masa jaje.

A nan ta toshe hanci tana kwaikwayon kajin, muna ta birgima don dariya. Ni kaɗai na lura an kashe rediyo tun tsakiyar labari.

"Ƙurunƙus kan ɓera," in ji Dada. "Wanda tatsuniya ta taka, ya janye ƙafarsa."

Daga soro muka ji tari, sannan muka ji Baffa yana ƙoƙarin haɗiye dariya.

Da safe na fito da ƙunshin kayana, idanuna a kumbure. Babana yana ba tayar keke iska. Ya dube ni ya ce, "Ina za ka da wannan? Ba ka makara ba?" Sannan ya juya wajen cikin gida ya ɗaga murya. "Sale, ka gaya wa mai kazar nan an bar mata ƙwan. Amma in ya zama baragurbi, ita za ta sha warin."

Daga cikin ɗaki Dada ta ce, "Ladi, gaya wa baƙonku, kazata ba ta taɓa yin baragurbi ba."

Rannan da gudu na isa Shahuci, ko karyawa ban yi ba. Babana ya raba shanun ga 'yan uwa su riƙe masa, ya yi girbinsa da gayya. Da damina ta kewayo ya zo da ƙwarya cike da ƙwan zabi, ya ajiye a ƙofar ɗakin Dada. Na ci jarrabawa, Buba kuma ya dawo da ƙafafunsa bayan yaƙi, shi ne ma ya liƙa mini sunan.

Na yi rayuwata ina koyarwa a makarantun ƙauye, kuma duk lokacin girbi sai wani uba ya zo ɗaukar ɗansa. Ba na yi musu dogon turanci. Tabarma nake shimfiɗa musu, in ba su labarin kaza. Wasu sun bar yaran, wasu sun tafi da su, don shanu ma gaskiya ne, yunwa ma gaskiya ce.

Ina yaro na ɗauka haƙuri kawai tatsuniyar ke koyarwa. Sai da na haifi nawa na gane abin da na gani a bakin soron nan. Uwa ce ta roƙi ɗanta alfarma ba tare da ta kunyata shi gaban ƙaninsa ba, shi kuma ya bi maganarta ba tare da ta dube shi ba. Ita ce hira mafi tsawo da na taɓa ji tsakanin Dada da babana, kuma a kaina suka yi ta.