Buhun da Ya Gagari Abarshi

A Dogarawa, in ana gardamar yawan abu, Abarshi Baƙo ake kira. Shekara talatin yana aikin albasa, daga garka zuwa bakin titi. Ya dubi buhu ɗinkakke, ya ɗaga kusurwarsa, ya ce ɗari biyu da goma. A zazzage a ƙirga, da wuya ya kuskure da biyar. Ko lakwal, makarantar boko, bai taɓa shiga ba, kuma bai ɗauki mai cewa "wataƙila" cikakken mutum ba.

Ɗiyarsa Wasila ita ke tsince masa albasa, manya gefe, ƙanana gefe. Ita kuma Rabilu take so, wani saurayi da ya gama jami'a yana koyar da kimiyya a Malbaza, ana ce masa mushe kamar yadda ake kiran kowane malamin lakwal. Kafin manyansa su zo tambayar aurenta, Rabilu ya je gaisuwa bayan la'asar, ya durƙusa a zaure, zufa na bin wuyansa.

Abarshi ya ce, "An ce taurari ka karanta, mushe. Wannan farin zane da ke ratsa sama da dare, guda nawa ne cikinai?"

"Baba, gungun da ranarmu take ciki ke nan. Masana sun ce tsakanin miliyar ɗari zuwa ɗari huɗu, kowace miliyar miliyan dubu ce."

"Zuwa mi?"

"Ɗari huɗu, Baba."

"In ka tambaye ni damman da ke rumbunka, in ce tsakanin ɗari da ɗari huɗu, za ka sake gaishe ni?"

Rabilu ya yi bayani. Ba ɗaya-ɗaya ake ƙirgawa ba. Ana ƙiyasta nauyin gungun duka, a raba da nauyin tauraro guda. Sai dai wasu manya ne, wasu ƙanana da ko gani ba a yi, kuma ba a san yawan kowane iri ba.

"Ashe sana'ata suka sata, kuma ba su iya ba," in ji Abarshi. "Mutumin da lissafinai ke da faɗi haka, damina za ta tarad da ɗiyata ba hatsi. Ka gaida gida."

Rabilu ya fita, har ya manta takalminsa ɗaya.

Wasila ta ji komai daga bayan zana. Ba ta yi kuka ba. Da safe ta jawo buhu zuwa inda uban ke karyawa da abokansa.

"Baba, wannan ban tsince ba. Akwai masu girman kan jariri, akwai kamar goro. Guda nawa ne?"

Abarshi ya ɗaga kusurwa. Ya shafa. Ya zagaya, ya sake ɗagawa.

"Ƙananan sun fi yawa ko manyan?"

"Na manta, Baba."

Abokai suka aje koko suna kallo. Bai taɓa cewa a kwance buhu ba, ba kuma zai fara a gabansu ba.

"Zai kai ɗari biyu," ya ce a hankali. "Zai iya kai ɗari biyar."

"Zuwa mi, Abarshi?" in ji Junaidu, abokin wasansa, wanda jiya yana zauren.

Abarshi ya saki kusurwar buhun. Sannan ya tura takalmin da ke bakin zaure da ƙafa.

"A kai wa mushe abinai. A ce manyansa su zo ran Juma'a, ƙarfe huɗu daidai. Ban ce tsakanin huɗu da magariba ba."